Tsohon shirin kacici-kacici na talabijin: ta ina ake fara nemansa?

"Assalamu alaikum Malam. Don Allah akwai wani shiri da muke kallo muna yara a Kano, wajajen shekarun 1980, sunansa ya ɓace mini kwata-kwata. Ɗalibai ake zaunarwa daga makarantu biyu, uku nan uku can, wani mutum mai babbar riga yana jefa musu tambayoyi, wani lokaci da Turanci wani lokaci da Hausa, akwai kuma ƙararrawa da ake kaɗawa in lokaci ya cika. Yayata ta taɓa fitowa a ciki tana aji huɗu na sakandare, na tuna sun kara da wata makaranta daga wajen Haɗeja, ta dawo gida da agogon bango da katan ɗin sabulu. Na kuma tuna sai da Baba ya sa aka ƙara wata eriya kafin tashar ta riƙa fitowa sosai. Yanzu Allah ya yi mata rasuwa, ina so in nuna wa 'ya'yanta. Mene ne sunan shirin, kuma a ina zan samu kaset ɗinsa?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Yaya da rahama, ya raya abin da ta bari, ya saka maka da wannan niyya.

Tambayar taka gida biyu ce, sunan shiri da kuma kaset, kuma gara ka ji tun yanzu cewa na farkon ana samu in aka bi hanya, na biyun kuwa sai an yi dace. Na daɗe ina aiki a ɗakin ajiyar kaset na wani gidan talabijin a nan Arewa, kafin nan kuma na ja wayar kamara a situdiyo ina yaro, to irin tambayar nan ba baƙuwata ba ce, kusan duk wanda ya zo da ita haka yake farawa, ɗalibai, ƙararrawa, mutum mai babbar riga, agogon bango. Matsalar ita ce wannan siffa ta dace da shirye-shirye masu yawan gaske, don kusan babu tashar da ba ta yi gasar makarantu ba, kuma duk tsarin ɗaya ne, tebur biyu da allon maki da mai kula da lokaci. Kamar ka shiga Kantin Kwari ne ka ce a nuna maka shagon mai atamfa. Shi ya sa ba zan jefo maka wani suna da ka ba, in na yi haka za ka ce "ƙwarai kuwa shi ne!" don zuciyarka tana son amsa, daga nan ka ɓata wata da watanni kana bin shirin da ba shi ba ne. Sunan shi ne abu na ƙarshe da ake samu. Farko tasha, sannan shekara, sannan irin shirin, in waɗannan ukun suka zauna sunan da kansa yake fitowa daga takarda ko daga bakin mutane.

Wace tasha ce

A nan ka taimaki kanka ba tare da ka sani ba, don maganar eriyar nan da ka sako a ƙarshe ta fi duk sauran bayanin amfani. Bari in ɗan koma baya. Talabijin a Najeriya ta fara ne a Ibadan a 1959, Arewa kuma ta samu tata a Kaduna a 1962, wato RKTV ta kamfanin BCNN na gwamnatin Jihar Arewa. A tsakiyar shekarun 1970 gwamnatin soja ta tattara dukkan gidajen talabijin ƙarƙashin tarayya, aka kafa NTA da doka a 1977, ko da yake mutane sun daɗe suna cewa NTV abinsu. Da aka dawo mulkin farar hula a 1979 sai jihohi suka sake samun damar buɗe nasu, musamman jihohin da ba sa ga maciji da jam'iyyar da ke mulkin tarayya a Legas, a nan ne gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano a farkon shekarun 1980, wadda yau ake kira ARTV bayan rasuwarsa a 2010.

To abin lura shi ne a wancan lokaci NTA Kano tana kan layin VHF ne, lamba 5, ita kuwa CTV tana can sama a UHF, lamba 67, shi ya sa ma ake ce mata CTV 67. Eriyar da ke kamo ɗaya ba lallai ta kamo ɗayar da kyau ba, ta UHF ƙarama ce mai gajerun haƙora, kuma a tsofaffin akwatunan nan na murɗawa maɓallinta daban yake. Saboda haka in gidanku a cikin birni yake ko kewaye, kuma sai da aka ƙara eriya, ni na fi karkata ga CTV. Amma kada ka rufe ƙofa, don akwai masu kafa doguwar sanda a saman soro saboda su kamo Kaduna ko Jos da daddare, sannan mutanen kan iyaka, irin su Daura da Jibiya da Illela, suna kamo Tele Sahel ta Nijar, wadda ita ma tana da shirye-shiryen Hausa. Ita tana da alama ɗaya mai sauƙi, a lokacin Nijar tsarin kala na Faransa mai suna SECAM take amfani da shi mu kuma PAL, don haka a yawancin akwatunanmu hoton yana fitowa ne baƙi da fari ko da akwatin mai kala ne. Wannan bai shafe ka ba tunda yayarka ce a ciki, na faɗa ne saboda masu karatu da ke da irin tambayarka.

Ka tambayi manyan gidanku abu ɗaya, wace tasha ce aka sayi eriyar dominta? Da wuya a rasa mai tunawa, don ranar da aka hau rufi ana juyawa wani yana tsakar gida yana ihun "ya yi! a'a koma baya kaɗan!" ba ranar mantawa ba ce.

Wace shekara

Nan ne aikin yake da daɗi, kuma nan na fi so mutum ya zauna ya natsu. Mutane suna cewa "shekarun 80" alhali shekara goma ce cur, kuma tashoshinmu a kan kwata suke tsara shirye-shirye, wato duk wata uku, mako 13, sai a sake jadawali. Shiri yana iya rayuwa kwata ɗaya ya mutu, ko ya dawo da sabon suna saboda an sami sabon mai ɗaukar nauyi, mai gabatarwa ɗaya, teburan nan dai su ne, labulen baya kawai aka canja. In ba ka matse shekarar ba za ka tarar da sunaye uku ko huɗu duk suna da'awar su ne naka.

Daga abin da ka faɗa akwai katanga biyu. Makarantar Haɗeja a gasar Kano tana nuna kafin Agustan 1991 ne, lokacin da aka cire Jigawa daga Kano, don kafin nan Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse da Birnin Kudu duk 'yan gida ne a kowace gasa ta ma'aikatar ilimi. Wannan dabarar tana aiki a ko'ina, makarantar Katsina ko Funtuwa a gasar Jihar Kaduna kafin Satumban 1987 ke nan, ta Birnin Kebbi a gasar Sakkwato kafin 1991, ta Gusau kafin 1996. Sai dai a kiyaye, in gasar ta shiyya ce ko ta ƙasa wadda NTA ke haɗawa, to makarantun jihohi daban-daban suna haɗuwa, dabarar ta faɗi.

Katanga ta biyu ita ce "aji huɗu". Tsarin 6-3-3-4 an fara shigo da shi a 1982, 'yan farko suka rubuta jarrabawar SSCE a 1988, daga nan aka koma cewa JS da SS, aji huɗu da aji biyar suka ɓace a makarantun sakandare. Kwalejojin horon malamai sun ɗan daɗe da tsohon lissafi, to ka bincika ko yayarka 'yar WTC ce, wato kwalejin horon malamai mata, ko 'yar sakandare. In sakandare ce, kuma tashar CTV ce, ka ga mun matse abin tsakanin buɗe tashar da wajajen 1988, shekara biyar zuwa shida. Kuma ai akwai hanya mafi sauƙi da mutane ke tsallakewa, takardar shaidar gama makarantarta. Shekarar da ta gama aji biyar, cire ɗaya, ka sami shekarar shirinka. In takardar tana hannun mijinta ko a cikin akwatinta, aikin kwata uku ya ƙare a minti biyar.

Ga waɗanda ba su da irin wannan takarda, ko waɗanda suka tsinci guntun bidiyo a WhatsApp ba suna ba kwanan wata, tambayoyin da ke cikin shirin su ne kalandarsa. Masu shirya kacici-kacici ba sa gajiya da tambayar jihohi nawa ne a Najeriya, to in amsar 12 ce tsakanin 1967 da 1976 ne, 19 daga 1976 zuwa 1987, 21 zuwa 1991, 30 zuwa 1996, bayan nan 36. In aka ce ina ne babban birnin ƙasa yaro ya ce Legas aka ba shi maki, kafin Disamban 1991 ne. Wane ne gwamnan Kano, in Hamza Abdullahi ne to 1984 zuwa 1985 ne zamanin Buhari, Ahmed Daku ya biyo baya zamanin Babangida, Idris Garba daga 1988, Kabiru Gaya 1992. Wane ne Sarkin Musulmi, Abubakar na Uku har zuwa Nuwamban 1988, sai Dasuƙi, sai Macciɗo daga 1996. Sarkin Kano kam ba zai taimake ka ba, marigayi Ado Bayero ne tun 1963 har 2014, duk yaron da aka yi wa wannan tambaya kyautar maki aka ba shi. In ka ji ana maganar WAI, wato yaƙi da rashin ɗa'a, to daga 1984 ne, MAMSER ta wayar da kan jama'a daga 1987. In an ce Burkina Faso ba Upper Volta ba, bayan Agustan 1984.

Kuɗi ma haka. Fam da sule kafin Janairun 1973, naira da kwabo bayan nan. In mai gabatarwa ya ɗaga takardar naira 20 mai hoton Murtala a matsayin babbar kyauta, ita ce mafi girma daga 1977 har 1991 da naira 50 ta fito, naira 100 kuwa sai ƙarshen 1999. Har launin kuɗin yana magana, don an canja launukan takardun a Afrilun 1984. Kala a hoto kuma kada a dogara da ita sosai, gaskiya ne Jos ce ta fara watsa shiri mai kala a tsakiyar shekarun 1970 sauran suka biyo, amma gidaje da yawa sun ci gaba da kallo a akwatin baƙi da fari shekara da shekaru bayan haka, don haka wanda ya ce "baƙi da fari ne, tsoho ne sosai" wataƙila akwatin gidansu yake ba mu labari ba shirin ba.

Sai irin shirin, wanda zan taƙaita. Ƙwaƙwalwar yaro tana haɗa abubuwa, na sha ganin mutum ya ɗauko mai gabatarwa daga shirin yara na ranar Asabar, ya ɗauko ƙararrawa daga muhawarar makarantu, ya ɗauko kyautar daga wasan Sallah da wani kamfani ya ɗauki nauyi, ya dunƙule su shiri ɗaya wanda ba a taɓa yi ba. Wasu ma a rediyo suka ji gasar, daga baya zuciya ta ƙera mata hoto. Akwai kuma musabaƙar Alƙur'ani, wadda ta ƙasa ta fara a 1986 ƙarƙashin jami'ar Sakkwato, ita ma da ƙararrawa da alƙalai da kyaututtuka. Naka dai ya fi kama da gasar makarantu zalla, kuma katan ɗin sabulun nan yana nuna akwai hannun ɗan kasuwa ko kamfani a ciki, don ma'aikatar ilimi ita kaɗai littattafai da kofi da garkuwa ta saba bayarwa. Ka riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Inda sunan yake kwance

Takarda. Jaridun wancan zamani suna buga jadawalin talabijin da rediyo, wani ɗan akwati a shafukan ciki kusa da tallace-tallace, ƙarfe kaza shiri kaza. Ga Kano, Triumph ce ta farko da zan buɗe, wadda aka kafa a 1980, da 'yar'uwarta ta Hausa Albishir, sannan New Nigerian ta Kaduna da Gaskiya Ta Fi Kwabo, ga mutanen Filato kuma Nigerian Standard. Tsofaffin kofe da aka ɗinke wata-wata ana samunsu a Gidan Arewa da ke Kaduna, da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa reshen Kaduna, da laburaren Kashim Ibrahim na ABU Zariya, da laburaren BUK, kuma yana da kyau ka leƙa hukumar tarihi da al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa. Akwai kuma matasan Archivi.ng da ke ɗaukar hoton tsofaffin jaridu suna sawa a intanet, ka gwada can kafin ka hau mota, ko da yake jaridun Kudu sun fi yawa a wajensu.

Yadda nake yi in na je, ba na karanta jarida ɗaya bayan ɗaya, wannan sai mutum ya makance. Tunda jadawali na kwata ne, sai in ɗauki mako guda daga kowane wata uku, in kwafe duk shirin da ke tsakanin buɗe tasha da yamma zuwa labaran ƙarfe tara, musamman Asabar da Lahadi, in ja layi ƙarƙashin duk mai kama da gasa. Shekara ɗaya mako huɗu ke nan, aikin wuni guda. Jadawalin ba ya bayani, suna ne kawai da lokaci, kuma sau da yawa sunan da Turanci yake ko da rabin shirin da Hausa ake yi, wani lokaci ma jaridar ta yi ta maimaita tsohon jadawali saboda tashar ba ta aiko da sabo ba. To daga nan sai in koma neman hoto, don ranar ƙarshen gasa akan gayyaci kwamishina ko matar gwamna ta miƙa kofi, mai ɗaukar hoton jarida yana wurin, kuma rubutun da ke ƙarƙashin hoton nan shi ne zinariyar, yakan kawo sunan gasar da makarantar da ta ci da wanda ya ɗauki nauyi. Kamfanin sabulun ma ba zai yi asarar katan-katan a ɓoye ba, duba tallansa a watannin.

Wani wuri da mutane ba sa tunawa shi ne kundin digiri na ɗaliban sashen koyon aikin jarida, a BUK da ABU da Kaduna Poli. Yaran nan sun rubuta bincike barkatai a kan shirye-shiryen gidajen talabijin na jihohinsu, rubutun wani lokaci ba wani abin a zo a gani ba ne, amma a bayan kundin sukan liƙa cikakken jadawalin tashar na wannan kwatar, wani har da sunan furodusa. Na fi amincewa da wannan a kan na jarida, don daga ofishin shirye-shirye aka karɓo shi kai tsaye.

Sai makarantar ita kanta. Je ka ofishin firinsifal ka dubi saman kabad, garkuwoyin katakon nan masu ƙananan faranti na ƙarfe, goge ƙurar da hannun riga za ka ga an zana sunan gasa da shekara. Akwai littafin tarihin makaranta da shugaba ke rubuta abin da ya faru kullum, in bai ɓata ba za ka iya samun layi ɗaya cewa ranar kaza an kai ɗalibai uku gidan talabijin da rakiyar malam wane. Ka lura makarantu da yawa sun canja suna ko an mayar da su wani gari, to ka nemi sunan da ake kiranta a lokacin. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kuma, irin su RUMFOBA ta Rumfa da BOBA ta Barewa da takwarorinsu na makarantun mata, kusan kowane aji yana da zaurensa na WhatsApp yanzu. Yayarka ba ita kaɗai ta zauna a teburin ba, akwai mutum biyu a gefenta da uku a gabanta, ga malamin da ya raka su, da wuya a ce duk babu mai rai.

In za ka yi tambaya a Facebook ko a zaure, ga shawarata, kada ka ambaci sunan da kake zato. Ka ba da tasha da shekara da makarantun biyu, ka ce wa ya tuna. In ka sa suna, mutum hamsin za su ce shi ne, rabinsu ba a haife su ba lokacin. Ni ba na karɓar suna sai mutum biyu da ba su san juna ba sun faɗe shi, ko mutum ɗaya da takarda ɗaya. Kuma a gidan talabijin kada ka tsaya a kan matasan da ke ofis, ba laifinsu ba ne, ba su gani ba. Nemi 'yan fansho, ta ofishin RATTAWU, ƙungiyar ma'aikatan rediyo da talabijin, ko ta masallacin ma'aikata, kuma cikin 'yan fanshon ma ba mai gabatarwa kaɗai ba, mai kamara da mai haɗa sauti da mai zanen allon suna sun fi riƙe bayani, shi mai zanen da hannunsa ya rubuta sunan shirin a kwali da burushi aka ɗora gaban kamara.

Maganar kaset

A nan sai ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Yawancin irin waɗannan shirye-shirye babu su, ba ɓata suka yi ba, goge su aka yi da gangan. A shekarun da muke magana kaset ɗin aiki shi ne U-matic na Sony, wani ƙato mai kaurin littafi wanda babbansa awa ɗaya yake ɗauka, daga baya Betacam ya shigo. Daga waje ake sayo su da kuɗin waje, ga tsuke bakin aljihu tun 1982, ga faɗuwar naira daga 1986, sai ya zama kaset ɗaya ana ɗaukar shiri a kansa a watsa, mako mai zuwa a ɗora wani a kai, a yi ta yi har hoton ya fara zane-zane. Da idona na ga kwalin kaset da aka liƙa wa takarda a kan takarda har ta yi tudu, in ka ɓanɓare ta sama ka ga sunan wani shiri, ka ɓanɓare wannan ka ga wani, duk sun tafi sai na ƙarshe. In za a zaɓi abin da za a ajiye, jawabin gwamna ne da hawan Sallah da tafsiri da wasan kwaikwayo, don su ana iya maimaitawa ko a yi musaya da wata tasha. Gasar da kowa ya riga ya san wanda ya ci wa zai sake kallo? Haka ake tunani a lokacin, kuma ba mu kaɗai ba, BBC da duk kuɗinta ta goge nata da yawa. Wasu shirye-shiryen ma kai tsaye aka watsa su, ba su taɓa hawa kaset ba.

Duk da haka ka rubuta wa tashar takarda, da suna da shekara in ka samo su, don ɗakin ajiya ba a nema da "wani shiri na ɗalibai", ana nema da rajista. Zagayen ƙarshe na gasa shi ya fi samun tsira saboda manyan baƙi. Amma ni inda na fi sa rai shi ne gidajen mutane. A shekarun 1980 masu hali sun fara sayen bidiyo, VHS ko Betamax, kuma uban da 'yarsa za ta fito a talabijin in yana da rikoda sai ya ɗauka, in ba shi da shi ya roƙi maƙwabci. Cikin yara shida da ke teburin nan, ga 'ya'yan malamai, ga shi kansa mai gabatarwa da yakan so ajiye nasa, akwai fata. Kuma kada a duba rubutun jikin kaset kawai. Kaset ɗin awa uku ne, a ɗauki fim ɗin Indiya ko bikin aure a kai, abin da ke ƙasa ya saura a wutsiya, sau da yawa guntayen tsofaffin shirye-shiryen da ke yawo yau daga irin wannan wutsiyar aka tsamo su, minti bakwai ko goma bayan fim ya ƙare.

In Allah ya sa ka samu, don Allah kada ka zura shi cikin na'ura don ɗoki. Kaset ɗin da ya shekara talatin da wani abu a cikin zafi da ƙura da damina, leƙa ta tagar gilashin, in ka ga fari-fari kamar gari a gefen zaren to fumfuna ce, in kuma yana warin tsami ko zaren yana mannewa, maganin da ke riƙe da hoton ya jiƙe, kunnawa ɗaya zai kankare shi a kan na'urar, ka rasa kaset ka ɓata na'ura. Masu aikin suna da hanyar tsabtace shi da gasa shi a ɗan zafi kaɗan na sa'o'i kafin a kunna, amma ba aikin gida ba ne, kada wani ya ce maka a shanya a rana. Ka nemi wanda ke juya kaset zuwa kwamfuta, ka tambaye shi ya taɓa yin mai fumfuna, ka sa ya fara gwada na'urarsa da wani kaset da ba a damu da shi ba, kuma kunnawar farko ta zama ita ce ta ɗauka, don wataƙila ba za a sami ta biyu ba. Na'urorin ma ƙarewa suke, tun 2016 aka daina ƙera na VHS, na U-matic mai lafiya kuwa sai an tona. Bayan an juya ka ajiye a wuri biyu ko uku, ka ba tashar da makarantar kofe, kuma ka riƙe fayil ɗin asali, wanda aka tura ta WhatsApp an riga an matse shi ya lalace.

Iyakar abin da zan iya daga nan ke nan, na kai ka ga tashar da ta fi kama da 'yan shekarun da za ka duba, sauran sai an taka. In ka samo shekarar gama makarantarta da sunan makarantar, da amsar manyanku a kan eriyar, ka sake rubuto mini, akwai tsofaffin abokan aiki da zan tura wa, wasunsu Kano suka yi aikinsu duka. Ka kuma tambayi ƙawayenta hoto, don a ranar irin wannan akan tsaya a ƙofar gidan talabijin da yunifom a ɗauka, kuma masu hoton da sukan buga hatimi da kwanan wata a bayan katin.